Kangon Kasuwa da Ɗakin Karatu: Shin Gini Yana Gadon Hali?

Bahaushe yana da karin magana biyu da yake ɗaukowa in ana zancen gado, kuma kowane yana ƙaryata ɗan'uwansa. In ɗa ya biyo halin ubansa, sai a ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. In kuwa ya saɓa masa, sai a ce albasa ba ta yi halin ruwa ba. A kan ɗan Adam aka yi su duka biyun, amma yau ina so in are su in auna wani abu marar rai, wato gini. In aka ɗauki ginin da aka yi shi don ciniki, wanda ya shekara arba'in ba a san shi da komi ba sai saye da sayarwa, aka mai da shi makaranta, shin makarantar za ta gaji halin kasuwa, ko kuwa za ta fita da nata halin? Tambayar ta yi kama da ta magina, amma ni a ganina ta malamai ce da iyaye, domin a ƙarƙashinta akwai wata wadda ta fi ta nauyi: mene ne ainihin abin da ya raba makaranta da kasuwa?

Abin da ya jawo mini wannan tunani ya faru nesa da mu, a Austin, babban birnin jihar Texas ta Amurka. A shekarar 1971 aka buɗe wata kasuwa a can mai suna Highland Mall, ita ce ta farko a birnin cikin irin kasuwannin nan da ake tara kantuna birjik ƙarƙashin rufi guda, a sa musu na'urar sanyaya iska, a kewaye su da makeken filin ajiye motoci. Shekara da shekaru nan ce matattarar gari, iyaye su zo sayen tufafin yara, samari da ƴanmata su zo ba ido abinci. Amma ciniki ba ya riƙon amanar wuri. A 1981 aka buɗe wata sabuwar kasuwa a kudu maso yammacin birnin, a 2007 aka buɗe wata a arewa, masu kuɗi suka bi sababbin, manyan kantuna kuma suka bi masu kuɗi. Kamfanin JCPenney ya kwashe kayansa a 2006, sauran manyan suka rufa masa baya ɗaya bayan ɗaya, har aka wayi gari mutum na tafiya cikin dogayen barandar nan yana jin amon sawunsa.

Kafin kasuwar ta mutu ta yi wani abu da nake so mai karatu ya riƙe, don za mu komo kansa. Kowace shekara jami'ar Texas takan shirya babbar gasar guje-guje da tsalle-tsalle wadda ke tara dubban baƙi a Austin, da yawansu matasa baƙar fata, kuma sun saba taruwa a wannan kasuwa bayan wasa. A 2009 masu kasuwar suka rufe ƙofofinta tun rana na tsaka a Asabar ɗin gasar, suka ce don tsaro suka yi. Masu kare haƙƙin baƙar fata a birnin suka fito zanga-zanga, suka ce ƙyama ce aka sa wa rigar tsaro. Ba ni zan raba musu wannan gardama ba. Abin da na ɗauka ciki shi ne, kasuwa tana da ikon duban taron matasa ta yi lissafin abin da za su kawo mata da abin da za su jawo mata, in lissafin bai yi mata ba ta ja ƙofa.

Wanda ya gaji ginin shi ne kwalejin al'umma ta birnin, Austin Community College, wadda ta fara aiki a 1973. Kada kalmar kwaleji ta ruɗe mu, ba irin CEG ɗinmu ba ce. Makaranta ce ta gaba da sakandare, ta shekara biyu, wadda a tsarinmu ta fi kusa da cibiyoyin IUT da aka buɗe a Maraɗi da Tawa da Damagaram a 2008. Irin waɗannan makarantu sun daɗe a Amurka, ta farkonsu ta gwamnati an kafa ta a garin Joliet tun 1901. Abu uku ne suka bambanta su da manyan jami'o'i. Ƙofarsu a buɗe take ga duk wanda ya gama sakandare, ba a tace mutane da gasa. Kuɗinsu bai kai na jami'a ba. Sannan a jihohi irin Texas wani babban kaso na abin da suke kashewa daga harajin gidaje da filayen mutanen yankin yake fitowa, kuma mutanen ne ke zaɓen kwamitin da ke riƙe da makarantar. Nan ake koyon aikin jinya da walda da gyaran na'urori, nan mai aikin dare yake zuwa karatu da safe, nan uwar ƴaƴa da ta bar karatu shekara ashirin take komowa, daga nan kuma mai niyya yake wucewa jami'a.

Tun 2010 kwalejin ta fara sayen kasuwar kashi-kashi. A watan Agusta na 2014 ta buɗe azuzuwa a tsohon kantin JCPenney, ciki har da wani katafaren zaure mai kwamfuta 604 da ta raɗa wa suna ACCelerator, inda ɗaliban da lissafi ya kayar a sakandare suke sake shi daga tushe, kowa da saurinsa, malamai na zagayawa tsakaninsu. A Nuwamban shekarar aka kai maganar kuɗi gaban masu zaɓe, suka amince kwalejin ta ci bashin dalar Amurka miliyan 386 wanda za a biya da harajinsu, babban kaso na kuɗin kuwa don wannan gini ne. A ƙarshen Afrilu na 2015 aka rufe sauran kantunan, daga baya aka mai da cikin kasuwar ɗakunan koyon jinya da girki da kiɗa da sarrafa na'urorin masana'antu.

To, mai cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe yana da hujja, kuma bai kamata a rena ta ba. Gini yana magana da wanda ya shige shi. Kowa ya san yadda murya ke sauka da kanta in an shiga masallaci, da yadda zauren gidan Bahaushe ke gaya wa baƙo inda iyakarsa take ba tare da kowa ya buɗe baki ba. Kasuwa irin wannan an tsara ta da gangan. Manyan kantunanta ba su da taga, don bango ya ɗauki kaya, don kuma idon mai saye kada ya fita waje ya ga rana ta yi. An ajiye manyan kantuna a ƙarshe da ƙarshe don mai tafiya daga wannan zuwa wancan ya ratsa gaban ƙanana duka. Komi na cikinta an yi shi ne don ya tayar da kwaɗayi, ya mantar da mutum lokaci. Karatu kuwa haƙuri yake so, da natsuwa, da iya hana rai abin da take marmari yanzu saboda abin da za a samu baɗi. Yaya za a shuka haƙuri a gonar da aka yi wa takin gaggawa?

Har wanda ya ƙago irin wannan gini ya ɗanɗani wannan darasi. Victor Gruen, mai zanen gine-gine ɗan ƙasar Ostiriya wanda ya gudo Amurka a 1938, shi ya zana kasuwar Southdale a jihar Minnesota, wadda aka buɗe a 1956, aka kuma kwaikwaye ta ko'ina. Burinsa shi ne ta zama dandalin gari, a kewaye ta da gidaje da makarantu da wurin shan magani. Masu jari suka ɗauki kantunan da filin motoci, suka watsar da sauran, har a ƙarshen rayuwarsa ya fito fili ya barranta da abin da aka mai da tunaninsa. Wannan ya nuna cewa niyyar mai zane ba ta isa ta rinjayi lissafin mai kuɗi ba. Amma ya nuna wani abu kuma da mai waccan hujja bai lura da shi ba: in gini guda zai iya tashi da niyyar dandali ya ƙare a kasuwa zalla, ashe halin ba cikin siminti yake ba, a hannun mai riƙe da mabuɗi yake.

Masu gyaran Highland sun fara da abin da guduma za ta iya. Suka fasa bango suka fitar da tagogi, suka tsaga rufi suka sa doguwar tagar gilashi, haske ya sauko tsakiyar ginin da bai taɓa ganin rana ba. Ni ina ganin wannan ya wuce ado. Mai kanti ya toshe taga don kada mai saye ya tuna da waje, malami kuwa duk aikinsa shi ne ya shirya ɗalibi don wajen, saboda haka fasa bangon nan amsa ce ga wanda ya gina shi. Banda haka, an tsira da tubali da ƙarfen da an rushe da sun zama tarkace, an bar makarantar a tsakiyar gari kusa da tashar jirgin ƙasa da hanyoyin bas, inda marar mota zai iya zuwa. Da an tafi bayan gari an gina sabuwa fil, da ta fi kyan gani a hoto, amma da talakan da aka yi ta dominsa ya sha wuyar isa gare ta.

Sai dai akwai gadon da guduma ba ta fasa shi, kuma nan ne nake jin tsoro. A 1997 jami'ar Virginia Tech ta ɗauki wani tsohon kanti ta cika shi da ɗaruruwan kwamfutoci don koyar da lissafi, ta sa masa suna Math Emporium, kalmar ƙarshen nan kuwa ma'anarta babbar kasuwa. Tsarin ya rage kuɗin koyarwa ƙwarai, makarantu da yawa suka kwaikwaya, amma ɗalibai da dama sun yi ta kukan cewa an bar su da na'ura. Ban ce duk zauren kwamfuta haka yake ba, domin wanda ya sha kunya a gaban allo shekara shida yakan samu sauƙi in ya yi kuskurensa tsakaninsa da na'ura ba mai yi masa dariya. Amma duk wanda ya taɓa riƙe alli ya san na'ura za ta gaya wa yarinya amsarta ba daidai ba ce, ba za ta lura cewa yau kwana uku ke nan yarinyar tana zuwa aji da jan ido ba. In makaranta ta fara auna kanta da yawan kawunan da suka ratsa ta a kan kuɗi kaɗan, to ta koma lissafin mai kanti, ko da rufinta duk gilashi ne.

Ga kuma shaida ta ɗaya ɓangaren. A cikin watan nan na Afrilu 2015 da aka rufe kantunan Highland na ƙarshe, wani kamfani mai suna Corinthian Colleges, wanda ya mallaki makarantu masu yawa don neman riba, ya rufe waɗanda suka rage masa dare ɗaya, ɗalibai kimanin 16,000 suka wayi gari ba makaranta, ga bashi a wuya. An same shi da yi wa mutane ƙarya game da aikin da za su samu in sun gama, har a 2022 gwamnatin Amurka ta yafe bashin dala biliyan 5.8 da ke kan tsofaffin ɗalibansa 560,000. Waɗannan makarantu suna da allo da tebur da malamai da takardun shaida masu hatimi. Ba abin da ya rage musu a siffar makaranta, amma kasuwa ce tsagwaronta, kuma abin da ake sayarwa a ciki shi ne burin talaka.

Ke nan in muna neman inda makaranta ta rabu da kasuwa, bakin ƙofa za mu tsaya mu saurari tambayar da ake yi wa mai shigowa. Kasuwa tana tambaya, me ka zo da shi? Wannan ba laifinta ba ne, halinta ne, ciniki kuwa sana'a ce ta halal wadda kakanninmu fatake suka ratsa Sahara da dazuzzukan Gwanja a kanta, sau da yawa ma da malami cikin ayari. Makaranta kuwa tambayarta ita ce, me ka rasa? Wanda ya zo kasuwa hannu wofi ya zo kallo, in ya daɗe a kore shi. Wanda ya zo makaranta kai wofi shi ne ainihin wanda aka gina ta dominsa. Da wannan ma'auni nake cewa gyaran Highland ya cika, domin ginin da ya ja ƙofa a gaban matasa a 2009 ya koma hannun makarantar da ƙa'idarta ita ce ba ta mai da kowa, kuma a 2024 kwalejin ta fara gwajin ɗauke kuɗin karatu ga yaran yankinta da suka gama sakandare a shekarar. Ba a yi wannan da kuɗin sama ba. Mutanen da da yawansu ba su da ɗa ko jika a makarantar suka jefa ƙuri'a cewa a biya kuɗin gyaran ginin daga harajinsu. Ban manta ba cewa masu gina gidajen haya sun ci riba a tsohon filin motocin, kuma unguwar da ta farfaɗo takan yi wa talakanta tsada. Wannan ma abin sa ido ne. Amma bai soke abin da ya faru a bakin ƙofa ba.

Mu Musulmi ba baƙi ba ne ga wannan magana. Littattafan tarihin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sun nuna cewa filin da aka gina masallacin Madina a shekarar hijira, 622, wurin shanyar dabino ne na wasu marayu biyu, akwai kangaye a ciki da itatuwan dabino. An so a ba shi kyauta, ya ƙi karɓa sai da aka saya. Aka baje kangayen aka yi gini, a gefe guda kuma aka yi rumfar da matalautan sahabbai marasa gida suka zauna suna ɗaukar karatu, su ne ake kira mutanen Suffa. Abu uku nake gani a nan. Asalin wurin bai hana shi tsarkaka ba. Ba a danne haƙƙin masu shi da sunan aikin alheri ba. Kuma an keɓe wuri a cikinsa don waɗanda ba su da komi.

Wannan ya kawo ni gida, domin mu ma muna da kangayen ciniki. Maraɗi da Damagaram sun yi tashe da gujiya, manyan gidajen ciniki na Turawa irin su CFAO da SCOA suka kafa kantuna da mangazu, bayan mulkin kai aka kafa SONARA a 1962 don sayen amfanin. Farin farkon shekarun 1970 da cutar da ta kama shukar suka karya wannan ciniki. Duk mai yawo a garuruwanmu ya san irin ginin da nake nufi, na wancan zamani ko na bayansa, mai katanga mai kauri da ƙofar ƙarfe da kwaɗo ya yi tsatsa, jemagu a ciki, awaki na kwana a inuwarsa. A garuruwan nan dai ake kafa azuzuwan zana da kara kowace shekara bayan damina. Ranar 13 ga Afrilu 2021 wuta ta kama irin waɗannan azuzuwa a unguwar Pays-Bas ta Yamai, yara kimanin 20 suka rasu, yawancinsu ƴan ƙanana. Ranar 8 ga Nuwamba ta shekarar aka sake yi a Maraɗi, aƙalla yara 25 suka tafi. Tun daga ranar, in na wuce gini mai siminti da kwano a kulle, nakan ji kwaɗon nan yana da nauyin da ba na ƙarfe ba.

Ba ina kira a fasa ƙofar kowa ba. Mai gini yana da haƙƙinsa, magada ma haka, kuma sau da yawa rigimar gado ce ko bashin banki ya kulle wurin, ba rowa ba. Malaman fiƙihu suna da babi a kan raya mataccen wuri, amma hukuncinsa a kan ƙasar da ba ta da mai ita yake, ba hujjar ƙwace ba ne. Hanyoyin halal kuwa suna da yawa: a saya kamar yadda aka yi a Madina da Austin, a ɗauki haya ta shekaru masu yawa, ko mai hali ya yi wakafi, wanda ƙasarmu ma ta yi masa doka ta kafa masa hukuma. Kuma ba kowane kango ne zai yi aji ba. Mangazar da aka taɓa ajiye maganin ƙwari a ciki, ko mai ƙofa guda ba taga, in aka cusa yara a ciki haka nan an musanya wani hatsari da wani ne kawai. Sai injiniya ya duba ginshiƙi da rufi, a fasa tagogi, a yi ƙofa biyu, a haƙa makewayi, a jawo ruwa. Abin da nake nema daga magadan gari da ƙungiyoyin iyayen yara ƙarami ne: a ƙidaya gine-ginen da ke kulle a kowace unguwa, a ƙidaya azuzuwan zana da ke kusa da su, a aza lissafin biyu a kan tabarma guda a gaban masu ginin da masu unguwa da limamai.

Amma in za mu ɗauki rabin darasin, mu ɗauki ɗaya rabin. Mun riga mun ga gidajen haya da shaguna da aka shafa wa fenti aka rataya musu allon makaranta, wasu na aikin kirki, wasu kuwa ranar da wata ya yi biyar ba a biya ba sai a tsai da yaro a bakin ƙofa, abokansa na kallo ta taga. Mun ga kuma makarantun gwamnati da aka gina tun farko don karatu, ba su taɓa zama kanti ba, amma ana cinikin maki a cikinsu, ko malami ya rage darasin safe don ya sayar da shi da maraice. Waɗannan ba su gaji halin nan daga bango ba, mu muka kai musu shi. Saboda haka ni na tsaya tare da mai cewa albasa ba ta yi halin ruwa ba, da sharaɗi guda: sai in akwai masu tsaye a kanta kullum, iyaye masu zuwa taro, malamai masu jin kunyar Allah, da jama'ar da ta yarda ta biya don ɗan wani ya yi karatu. Allah Ya jiƙan yaranmu da suka rasu a Yamai da Maraɗi, Ya ba mu ikon sama wa ƙannensu ɗakin da ya fi nasu.